Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina: Mutanenmu Na Mutuwa Bayan An Kashe Wutar

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Malam Dikko Umaru Raɗɗa.



Ranka ya daɗe, ina rubuto maka ne daga Yasore, a ƙasar Batsari, maƙwabtan Safana da dajin Rugu. Idan takarda ta fito daga wannan yanki, tun kafin a buɗe ta ana ɗauka maganar ɓarayin daji ce, kuma galibi haka ɗin ne. Tawa ta wuta ce. Ƙunar da ke ɗauke mana yara da mata duk hunturu, wadda ba ta shiga labarai, ba ta kuma shiga lissafin kowa. Ina so in fara da yadda take kisa, domin a nan ne za ka ga inda hukuma ke da ikon sa hannu.

Da yawa daga cikin waɗanda wuta ke kashewa ba a cikin wutar suke mutuwa ba. Ana fito da su da rai, suna magana, wani ma da ƙafarsa yake takawa zuwa mota. Bayan kwana biyu, ko mako, ko wata, sai a ji an yi jana'iza. Duk Arewa ta ga haka da idonta. Daren 15 ga Oktoban 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi. Washegari an binne sama da mutum 140. Waɗanda suka fita da rai aka rarraba su asibitocin Ringim da Haɗeja da Dutse da Kano, amma lissafin bai tsaya ba, kullum sai ya ƙaru, har ya haura 200. Haka aka yi a watan Mayun 2024, lokacin da wani ya cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba a ƙauyen Gadan na ƙaramar hukumar Gezawa. Ranar farko kaɗan aka ce sun rasu. Cikin makonnin da suka biyo baya, a kan gadon asibiti a Kano, suka haura 20. Waɗannan kuwa mutane ne da ke kusa da birni, gwamnati ta ɗauki nauyinsu, manyan likitoci na kansu. To ina ga yarinyar da talge ya kife wa a Yasore bayan magariba?

Likitoci sun san hanyoyin da mutuwar ke bi. Ta farko hayaƙi ce. Wanda wuta ta rutsa da shi cikin rufaffen ɗaki yana shaƙar zafi da guba, maƙogwaronsa ya kumbura daga ciki a hankali, sai bayan wasu sa'o'i numfashi ya toshe. Alamarta muryar da ta dishe, gashin hanci da ya babbake, baƙin toka a majina. Mai irin wannan ko fatarsa ba ta ƙone sosai ba, bai kamata ya kwana a gida ba.

Ta biyu ita ta fi damuna, domin ita ce ta fi sauƙin tarewa. Fata ita ke riƙe ruwan jikin mutum. Idan ta ƙone da faɗi, ruwan da ke cikin jijiyoyin jini sai ya riƙa tsiyaya waje yana taruwa cikin tsoka, jini ya yi kauri, bugun zuciya ya yi rauni, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. A waje ba a ganin komai sai kumburi da ƙishirwa, shi ya sa dangi ke cewa ai da sauƙi, yana ma magana. Akwai ma'auni mai sauƙi da kowane ma'aikacin lafiya zai iya amfani da shi: tafin hannun majinyacin tare da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Idan ƙunar yaro ta kai tafi 10, ko ta babba ta kai 15, yana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce rabin ruwan da zai bukata a yinin farko a ba shi cikin sa'o'i 8, kuma daga lokacin da ya ƙone ake fara ƙirga su, ba daga lokacin da ya isa asibiti ba.

Ranka ya daɗe, ka ɗora waɗannan sa'o'i 8 a kan darenmu. Wuta ta fi tashi da dare ko da jijjifi. A nan kuwa, da rana ta faɗi, hanya ta rufu. Ba ɗan kabu-kabun da zai yarda ya kunna fitilar babur ya nufi Batsari, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Uba yana riƙe da ɗansa yana jin kukansa na raguwa, yana auna tsakanin ƙuna da bindiga, sai ya zaɓi ya jira gari ya waye. Gari na wayewa a nemi kuɗi, a nemi babur, a isa ƙaramin asibiti, a ce wannan ya fi ƙarfinmu, a wuce gaba, can ma a rubuta takarda zuwa Katsina. Kafin a sa masa ledar ruwa ta farko, sa'o'in nan sun daɗe da wucewa. Rashin tsaro na kashe mutanen da harsashi bai taɓa ba, kuma ba a sa sunayensu cikin waɗanda aka yi wa ta'aziyya.

Wanda ya tsallake wannan, ta uku na jiransa: ƙwayoyin cuta. Buɗaɗɗen rauni mai faɗi, ga ƙura, ga ƙuda, ga abin da aka shafa masa a gida. Daga kwana na huɗu ko na biyar zazzaɓi ya shigo, raunin ya fara wari, cutar ta shiga jini. Jikin mai ƙuna yana cin abinci fiye da na mai lafiya nesa ba kusa ba, domin da shi zai gina sabuwar fata. Yaranmu kuwa da yawa da tamowa wutar ke samunsu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu saboda rashin abinci mai gina jiki a cibiyoyinta na jihar nan cikin watanni shidan farko na 2025. Yaron da yunwa ta riga ta cinye, ƙunar da wani zai warke daga gare ta ita ce ajalinsa. Sannan ga kuɗi. Wankin ƙuna ba na yini ɗaya ba ne, makonni ake yi ana canza bandeji, ana sayen magani, wani lokaci jini, wani lokaci dashen fata. Manomin da bai samu ya noma gonarsa ta daji ba shekara da shekaru, ya sayar da akuya, ya sayar da ɗan hatsin da ya rage, daga nan sai ka ji ya ce, "A sallame mu, mu koma gida mu yi na Hausa." Ba ƙin asibiti ya yi ba. Aljihunsa ne ya ƙare.

Su wa ke ƙonewa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 180,000 ke mutuwa da ƙuna kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, kusan kashi biyu cikin uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Ta kuma ce yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5 suna mutuwa da ƙuna fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya. Duk wanda ya zauna a tsakar gidan ƙauye ya san dalili. Murhunmu a ƙasa yake, duwatsu uku, daidai tsayin yaro mai rarrafe. Uwa ɗaya ce ke tuƙi, ita ke ɗebo ruwa, ita ke goyo, yayar da ke raino kuma shekararta bakwai. Ruwan zafi yana zuba ya gangare, amma talge da kunu da man suyar awara manne wa fata suke yi su ci gaba da ci, fatar yaro kuwa ba ta da kauri. Da hunturu sai a ƙara da kaskon garwashi a cikin ɗaki kusa da shimfiɗa, ga gidan sauro na roba, ga katifar soso, ga jinka da zana da harawar da aka jibge a kan rufi, duk sun bushe ƙayau, ga iska. Tufafin da muke iya saye yanzu yawanci na roba ne. Hijabin yarinya in ya lashi wuta narkewa yake yi a jikinta.

Akwai kuma ƙunar mata masu jego. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun daɗe da rubutu a kan wankan jego da ruwa mai tafasa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da ƙunar da suke jawo wa uwa, wani lokaci har da jariri. Ba ina cewa a yaƙi al'adar kakanninmu ba. Tsohuwar da ke tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa 'yarta ƙauna ce ta sa ta. Abin da ake bukata a gaya mata, ta bakin ungozomar da ta yarda da ita, shi ne a sirka ruwan, a gwada shi da gwiwar hannu, kuma kada a ajiye tukunyar inda yara ke wasa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai farfaɗiya. Ciwon ya tashi yana gefen murhu, ya faɗa ciki, mutane na tsaye ba mai taɓa shi, domin an gaya musu wanda ya taɓa kumfar bakinsa ya ɗauka. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani mai araha da ke hana shi tashi idan ana sha kullum. Irin ƙunarsu ce ta fi zurfi, domin ba sa iya janye jikinsu. Haka kuma har yau akwai gidajen da in yaro ya shiga jijjiga saboda zazzaɓi ake kanga ƙafafunsa a wuta don ya farfaɗo. Jijjigar takan wuce da kanta, ƙunar ta zauna.

Sai fetur. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin da ta gabace ka ta hana sayar da mai a jarka a ƙananan hukumomin da ke fama da ɓarayi, har da Batsari da Safana, don a yanke musu hanyar samu. Mun fahimci dalilin. Amma babur shi ne motarmu, shi ne motar asibitinmu, injin niƙa da na ban ruwa ma mai suke sha. Mai ya yi wuya, sannan daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ya yi tsada, abin da ya yi wuya ya yi tsada kuwa ɓoye shi ake yi. A ƙauye ba inda ake ɓoye abu mai daraja sai ɗakin kwana. Galan na ƙarƙashin gado, kasko na tsakar ɗaki. Mutane da yawa ba su san tururin fetur ya fi iska nauyi ba, yana bin ƙasa ya je ya samu garwashi ko fitila ko da ba a zubar da ɗigo ba. Ɗan bumburutu na ɗura wa kwalba mai da dare, ƙanensa na haska masa da ashana. Kananzir ɗin da aka gauraya da fetur shi ma yana fashewa a fitila da risho. Kuma talaucin da ya tura mutanen Majiya bakin tanka, ya sake tura wasu a mahaɗar Dikko ta jihar Neja ranar 18 ga Janairun 2025 inda sama da 80 suka mutu, yana nan a kan hanyoyinmu. In tanka ta faɗi yau tsakanin Katsina da Batsari, na rantse za a fito da bokitai.

Tsoro ya ƙara mana wani abu. Da can ɗakin ƙauye asabari ne da ƙyauren kara. Yanzu kowa ya sa ƙofar ƙarfe, ya sa sakata biyu, ya toshe taga, wasu har kwaɗo suke sa wa yara ta waje in za su fita. Abin da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana mai gida fita in wuta ta tashi. Su ma ɓarayin wuta makaminsu ce. Mutanen Tsauwa da Dankar ba su manta da Fabrairun 2020 ba, da aka kashe mutum 30, akasari tsofaffi da yaran da ba su iya gudu ba, aka ƙone gidaje da abinci. Waɗanda suka gudo daga irin waɗannan garuruwa suna cunkushe a ɗakunan aro da bukkokin leda a Batsari, iyali guda a ɗaki guda, murhu a bakin ƙofa. Gobara ce ta ci almajirai 17 a irin wannan cunkoso a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025, ta kuma ci yara sama da 20 a azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021. Tsangayun da ke jihar nan da yawa haka suke kwana: yara masu yawa, ƙofa ɗaya, tarin kara a gefe.

Yanzu ga abin da nake roƙo, kuma na faro daga mafi araha.

Abin da ake yi wa ƙuna a mintunan farko yana rage zurfinta, kuma ba ya cin ko kwabo. Ruwa mai sanyi, na randa ko na rijiya, a riƙa kwarara shi da buta a kan wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da tsabtataccen zane, a lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi, in yana iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kama hanya. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi birgima, a danne shi da bargo. Wutar mai da ƙasa ake kashe ta. Mu kuwa me muke yi? Ɗanyen ƙwai, manja, man goge baki, gishiri, kamu, toka, baƙin man inji, gashin zomo, har kashin shanu, wanda ke iya jawo sarƙewar haƙora. Kuma akwai masu cewa ruwa ne ke sa ƙuna ta yi bororo, don haka sukan hana a zuba. Ba mugunta ba ce, abin da suka gada ke nan, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya gaya musu wani abu daban. Gwamnatin da ta iya kai saƙon allurar shan inna kowane gida a jihar nan za ta iya kai wannan. Ka sa Rediyon Jiha da Companion FM su riƙa maimaita shi daga watan Oktoba har ƙarshen Fabrairu. Ka roƙi hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, su sauke shi ga dagatai da masu unguwanni, limamai su faɗe shi ranar Juma'a, malaman Islamiyya su koya wa matan aure. A haɗa da masu kemis da wanzamai da ungozomomi, domin wurinsu ake fara zuwa, ko mun so ko mun ƙi. Dakarun tsaron al'umma da ka ƙaddamar a Oktoban 2023 su ne ke farke da dare a garuruwanmu. A koya musu wannan taimakon farko, a kuma ba su izini da tsari na raka majinyaci zuwa asibiti cikin dare. Rakiyar nan kaɗai za ta ceci rayuka, ba na masu ƙuna kawai ba, har mata masu naƙuda.

Ka yi alkawarin asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar nan, muna kuma ganin gine-gine na tashi. Ina roƙon a cikin kowanne, musamman na bakin daji, a ajiye akwati guda na ƙuna: ledojin ƙarin ruwa, allurar sa ruwa ta yara da ta manya, robar fitsari, bandeji mai tsabta, maganin raɗaɗi, allurar rigakafin sarƙewar haƙora. A rubuta a jikinsa cewa kyauta ne, kada a tsaya ciniki da uban da ɗansa ke mutuwa. Ma'aikacin da ke wurin a koya masa auna ƙuna da tafin hannu, ya sa ruwa kafin ya rubuta takardar tura majinyaci gaba, ba bayan ba. Wannan horon kwana biyu ne, kuma makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura da ta ungozoma a Malumfashi za su iya sa shi cikin karatunsu. Ga ma'aikaci kuma a samar masa lambar da zai kira likita a Katsina ko da tsakar dare ne.

Masu babbar ƙuna suna bukatar ɗaki nasu daban, nesa da sauran majinyata, da ma'aikatan jinya da suka ƙware, da likitan dashen fata, da jini. Asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitin koyarwa na Shika suna wannan aiki, amma ga mutumin Yasore, Kano wata duniya ce, kuɗin mota da abincin mai jinya kaɗai sun isa su mayar da shi gida. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, muna da asibitin Janar Amadi Rimi. Ka zauna da shugabanninsu a fitar da sashen ƙuna guda mai ƙarfi wanda jihar za ta tsaya masa da ma'aikata da kaya, da 'yan gadaje a Batsari da Dutsin-Ma don masu matsakaiciyar ƙuna. Jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ya ƙone a sa ta cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ke biya, tun daga wankin farko har a sallame shi. Kada kuma a manta da waɗanda suka rayu. Fatar da ta warke ba tare da motsa gaɓa ba ƙanƙancewa take yi, hannu ya naɗe, haɓa ta manne da ƙirji, yarinya ta daina zuwa makaranta saboda kallo. Tiyata na gyara da yawa daga cikinsu, iyayensu ne ba su san ana yi ba.

Game da fetur, kame da duka ba za su fitar da galan daga ɗaki ba, sai dai su ƙara tura shi ƙarƙashin gado. A zauna da ƙungiyar 'yan kabu-kabu da masu sayarwa, kowane gari ya ware wuri guda a fili, nesa da gidaje, da tarin yashi a gefe, wanda mai unguwa da jami'an tsaro suka sani. Tsangayu kuma a bi su kafin sanyi, tare da alarammomi ba a kansu ba, a buɗe ƙofa ta biyu a ɗakin kwana, a matsar da karan karatun dare nesa da shi.

Abu na ƙarshe shi ne ƙirga. A nan in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a ce wuta ce, Allah ya jiƙansa, shi ke nan. Mun yarda da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya umarce mu da kashe wuta kafin mu kwanta barci. Liman ya san wanda ya sallata, mai unguwa ya san gidan. A ba kowane dagaci da kowane asibiti littafi guda: shekarun wanda ya ƙone, mace ko namiji, me ya ƙone shi, da wane lokaci, me aka shafa masa, sa'a nawa kafin a sa masa ruwa, ya rayu ko ya rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da fom na rajistar ƙuna da asibitoci ke cikewa, ba sai an ƙirƙiro sabo ba. A fara da Batsari da Safana na hunturu ɗaya, sakamakon ya zo teburinka a watan Maris, ka karanta da kanka.

Ranka ya daɗe, saƙon rediyo da akwatunan ƙarin ruwa ba sa jiran sabon kasafi, umarninka kawai suke jira. Ina roƙon ka ba da shi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa, ka kuma turo kwamishinan lafiya ya zo Batsari ya zauna da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, ya ji daga bakinsu abin da suke da shi a kabad idan aka kawo musu yaro da ƙuna.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani talakanka daga Yasore,
Ƙaramar Hukumar Batsari.